Turke, Ciyawar Kaka da Gyatsar Shanu: Labarin Sana'armu a Sakkwato

Abu biyu muke yi a wurinmu. Muna turke shanu da raguna har su ƙosa, muna kuma haɗa abincin dabbobi mu sayar wa masu kiwo, daga mai garke har zuwa matar aure mai rago ɗaya a bayan ɗaki. Wurin yana bayan gari ta hanyar Wamakko, ba nisa da fadamar Rima. Wanda ya zo mana da kaka zai tarar da mu tsamo-tsamo cikin ciyawa, sai ya yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa.

Shanun da muka fi ɗaurewa Gudali ne, waɗanda Fulani ke kira Bokoloji, kuma ba kishin gida kaɗai ya sa ba. Gudali sa ne mai sanyin hali, gajeren ƙaho, faffaɗan baya, tozo a cike. Zai tsaya a turke ya ci, ya kwanta ya yi tuƙa, ba ya ɓata ƙarfinsa wajen fizgar igiya. Rahaji kuwa, jajayen nan masu dogayen ƙahoni, don tafiyar daji aka yi su. Ka ɗaure ɗaya ya yi sati yana huci yana kallon ƙofa, rabin abin da ya ci a fushi yake ƙonewa. Kyakkyawa ne, ban musa ba, amma kyau ba ya hawa sikeli. A raguna Balami muke so don girma, Uda kuma don masu layyar da ransu ke kan ragon nan mai launi biyu, gaba ja ko baƙi, baya fari.

Sayen dabbar turke shi ne rabin sana'ar, kuma ba a koyonsa a takarda. Wajen kawuna na koya, ƙanen mahaifiyata, wanda ya ƙare rayuwarsa tsakanin kasuwannin dabbobi na Kara da Achida da Illela. Ina yaro ni ke riƙe masa igiya da buta. Ba ya fara duban ƙiba. Sai ya tsaya daga nesa ya ga ko san yana tuƙa, sannan ya matsa ya taɓa hancinsa ya ji ko da danshi, ya ja fatar wuya ya saki ya ga saurin komawarta, ya buɗe baki ya ƙirga haƙoran girma. Mai biyu zuwa huɗu yake nema, wato ɗan shekara biyu zuwa uku, wanda ƙashinsa ya shimfiɗu saura nama. Ramamme ba ya ba shi tsoro in dai yunwa ce ta ramar da shi ba cuta ba, hasali ma shi ya fi so, domin irin wannan da ya samu abinci sai ya cika cikin ɗan lokaci. Abin da yake dubawa a ƙarshe kashi ne. Yakan sa sanda ya tona, dillalai na yi masa dariya, shi ko ya juyo ya ce da ni, "Ɗana, dillali shina ƙarya, mai sa shina ƙarya, kashi ba shi ƙarya."

Na yi wayo a shekarun da mai dabba ba ya son tunawa. A 1983 bushiya, wata annobar shanu, ta shiga garkuna ta yi ta'adi, a 1984 fari ya biyo baya. Na ga makiyaya na kawo shanu Kara suna roƙon a saya ko nawa ne, wasu ba sa iya tashi daga inda aka sauke su. Dabbobin kawu ba su faɗi ba, domin shi mutum ne mai jarabar tara ciyawa. Kowace kaka sai ya cika rufin ɗakuna da harawa, ya ɗora wata a tsakanin rassan itace, har maƙwabta na tsokanarsa wai gidansa ya fi kama da na jakai. Mu yara ne ke shan wahalar: a tashe mu da asuba, lauje a hannu, jaki a gaba, ba karin kumallo sai an yi dami uku. A lokacin ina ganin mugunta ce. Bushiya dai Allah ya raba duniya da ita, a 2011 aka bayyana an kawar da ita baki ɗaya. Rani kuwa yana nan, kowace shekara sai ya zo.

Ga yadda abin yake ga garken da ke kiwo a daji. Ruwanmu na wata uku zuwa huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. A wannan tsakanin ciyawa ɗanya ce, shanu su murje, gashi ya kwanta, nono ya wadata. Da kaka su shiga gonaki su ci kara da abin da manomi ya bari. Daga nan sai gangara. Kafin Maris ciyawar da ta rage ta zama ƙirare, zafi ya haura digiri 40, a yi ta doguwar tafiya neman ruwa, naman da aka tara da damina ya zube. Maraƙin da aka haifa bana haka zai yi ta hawa da sauka shekara biyar ko shida kafin ya kai girman da mahauci zai dube shi da daraja. Karsana ba ta haihuwar fari sai ta shekara huɗu ko biyar, bayan nan ma sau da yawa sai ta tsallake shekara. Duk tsawon wannan lokaci dabbar tana ci, tana sha, tana tuƙa, tana gyatsa.

Maganar gyatsar nan ɗan ƙanwata ne ya kawo mini ita, lokacin da yake karatun likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana zuwa hutu yana taya mu aiki. Wata rana muna zuba wa shanu abinci ya ce, "Kawu, ka san abin da ke fita bakin san nan in ya yi gyatsa, abinci ne da ka saya da kuɗinka?" Ya ce tumbi kamar randar da aka jiƙa gero ce aka bar shi ya yi tsami. Cike yake da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa su mayar da ita abin da jiki zai amfana da shi. A cikin wannan aiki ne wata iska ke tashi da ake kira metan, kuma kusan dukkanta ta baki take fita, saɓanin abin da masu barkwanci ke faɗi. Daga kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin abincin dabba a haka yake salwanta, kuma abinci mai tauri da ke daɗewa a tumbi shi ya fi jawo asarar.

Wannan iska tana cikin waɗanda ke taruwa a sama suna riƙe zafi. A tsawon shekara 100 ƙarfinta ya ninka na hayaƙin kabon da ke fita daga mota da janareta kusan sau 28, a shekara 20 na farko kuwa wajen sau 80, sai dai ba ta daɗewa, cikin shekara 12 ko makamancin haka yawancinta ya watse. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo na da kashi 14.5 cikin 100 na dukkan iskar ɗumama duniya da ɗan Adam ke jawowa, kuma gyatsar dabbobi masu tuƙa ita ce kusan kashi 40 na wannan kason. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Gilasgo a 2021 ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, suka yi alkawarin a rage metan da kashi 30 kafin 2030.

Da na ji haka raina ya ɓaci. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya ba, sannan a zo a ce da Bafulatanin da ko keke ba shi da shi saniyarsa ce ke ɗumama duniya? Har gobe ina nan kan bakana cewa ba mu ne manyan masu laifi ba, mu ne dai zafin ya fi gasawa. Saniyar madara a Amurka tana fitar da metan fiye da kilo 100 a shekara, tamu ba ta kai rabin haka ba. To amma waccan tana ba da madara fiye da lita 10,000 a shekara, tamu kuwa in an tatsi lita biyu a rana da rani an gode Allah. In aka raba iskar a kan kowace lita, ko kowane kilo na nama, sai lissafin ya juyo kanmu. A nan ne maganar ta faɗo cikin sana'ata, domin abin da ke rage iska a kan kowane kilo shi ne dai abin da kawu ya yi ta fama a kai, shi da bai taɓa jin sunan metan ba: kada dabba ta rame da rani, kada ta yi shekarun banza. San da ya kai kasuwa yana shekara uku, gyatsar shekara uku ya yi. Wanda ya kai yana shida ya yi ta shida, nama kuwa ɗaya ne.

Saboda haka aikinmu a bakin lauje yake farawa. Ciyawa tana da lokacinta. Gamba da kyasuwa in suka fara ɗaukar ciki, kafin su fitar da kai, a nan ne suke da daɗi da amfani, wato daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba a yawancin shekaru. Mutane da yawa sai Oktoba ko Nuwamba suke yanka, lokacin da ciyawa ta yi tsawo ta bushe a tsaye, dami ya yi girma a ido. Wannan ta rufin ɗaki ce da saƙar zana. Wahalar yankan wuri ita ce ruwa bai ɗauke ba, kuma ciyawar da ruwa ya daka bayan an yanke ta ta tashi aiki. Muna yanka da hantsi bayan raɓa ta kaɗe, mu baza ta sha rana, a juya ta da azahar, kafin magariba a kwashe zuwa rumfar da iska ke ratsawa, ta ƙarasa bushewa a inuwa a kan katako, don gudun gara da danshin ƙasa. In hadari ya taso ba mai zama, har mai gadi, har ni kaina da babbar riga a naɗe.

Ana gane ta gama in ka ɗebo 'yar kaɗan ka murɗa a hannu ta yi ƙara amma ba ta karye ba, kuma ba ruwa a gaɓa. Launinta kore-kore ne. Ƙamshinta kuwa, wanda ya taɓa shiga rumbunmu a watan Afrilu ya san abin da nake nufi: waje na ci da wuta, ciki na ƙamshin damina. Na sha ganin sa ya bar kwanon dusa ya nufi wannan ciyawa. Yarona da ya fi daɗewa da ni yanzu da hanci kawai yake raba damin da aka yanka a kan lokaci da wanda aka makara, kuma ban yi masa gardama ba tukuna na ci.

Harawa ma haka take, ta wake da ta gyaɗa. Amfaninta a ganye yake. Manomin da ya san aiki yana tuge ta da sauran kore, ya naɗe tun ganyen bai fara kakkaɓewa ba, ya ɗaga ta daga ƙasa. Muna da manoma wajen Kware da Wurno da muka daɗe tare, nasu ko kwancewa ba na yi. Amma akwai masu kawo kaya da ban san inda suka ajiye tsoron Allah ba. A naɗe ƙirare da ƙasa a tsakiya, a lulluɓe da ganye mai kyau a waje. Wasu su yayyafa ruwa da dare don ta yi nauyi, ka ajiye sati biyu ka buɗe ka tarar da funfuna fari fat. Dabba ta ci ta kama zawo, mai ita ya tafi yana cewa abincin saye ba shi da albarka.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne abin da muke yi da karan shinkafa. A fadamun Rima, daga Goronyo har Wamakko, in an gama casa mutane da yawa wuta suke cinna wa karan, hayaƙi ya turnuƙe, abincin shanu ya tafi sama a banza. Ban cika ganin laifinsu ba, domin karan shinkafa yadda yake ba abin kirki ba ne: sinadarin gina jiki da ke cikinsa kashi 3 zuwa 4 ne cikin 100, alhali halittun tumbi na bukatar wajen 7 kafin su yi aiki sosai. Mu sai mu saye shi, mu daddatsa da inji, mu jiƙa shi da takin yuriya, wanda dai ake zuba wa masara. Kilo 4 na yuriya ga kilo 100 na kara. A narkar da shi sarai cikin ruwa, a riƙa shimfiɗa karan hawa-hawa a cikin rami mai siminti ana yayyafawa ana tattakewa da ƙafa, sannan a rufe da leda da tamfol, a danne gefe da ƙasa yadda iska ba za ta samu hanya ba. Bayan sati uku a buɗe. In an yi daidai zai fito ruwan ƙasa-ƙasa, da laushi a hannu, da wani wari mai hawa ka wanda ke gushewa in an baza shi ya sha iska kafin a ba dabba. Gina jikin ya kusa ninkawa, tumbi na narkar da shi da sauri, dabba na ci da marmari.

Faɗarsa ce mai sauƙi. Yuriya guba ce ga wanda ya yi mata ganganci. In aka bar gudaji bai narke ba, ko awo ya zarce, sa na iya faɗuwa cikin sa'a guda, ciki a kumbure, yana kakkarwa yana zubar da yawu. Ba a ba ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba, ba a ba doki ko jaki. Ni da hannuna nake auna yuriyar a sikeli, ba na wakilta kowa ko da ina zazzaɓi. Da aka ga ana saye a wurinmu sai ga masu kwaikwayo sun ɓullo: su barbaɗa taki da hannu a kan kara, su rufe kwana biyar, su ɗura a buhu su sayar rabin kuɗinmu. Wani makiyayi ya zo mini ido jawur kan karsana biyu da ya rasa ta haka, kuma sai da na sha rantsuwa kafin ya yarda ba daga wurina kayan suka fito ba, domin wanda ya sayar masa ya ce irin namu ne.

Ciyawa da kara su ne tushe, a kansu ake ɗora haɗi. Namu dusar alkama ce ko ta masara, da angurya ko tunkuza, da ɓawon wake, da niƙaƙƙun 'ya'yan gawo, da gishiri da 'yar kanwa. Gwargwadon kowane ba zan rubuta a nan ba, sirrin gida ne, kuma yana sauyawa da irin dabba da inda ta kai a turke. Dusar ce ma ta tilasta mini fara haɗa abinci da kaina, domin na gaji da buɗe buhu in tarar rabinsa ɓuntun shinkafa ne da aka niƙa ya yi laushi, a ƙasa kuma yashi. Ba a cika wa sabon sa kwano ranar farko. Sati biyu ake yi ana ƙara masa kaɗan-kaɗan har tumbinsa ya saba, in ba haka ba tsami ya yi masa yawa ya daina ci. Wata uku zuwa huɗu ya isa. Wanda ya wuce haka kitse kawai yake tarawa, abinci na tafiya, gyatsa na tafiya. Ɗan ƙanwar tawa ya nuna mini cewa man da ke cikin angurya yana ɗan rage metan, haka ma abin nan mai bauri da ke cikin 'ya'yan bagaruwa, wanda majemanmu ke jeme fatar jar akuya da shi tun kafin Turawa su san hanyar Sakkwato. Sai dai bagaruwa kaɗan ƙwarai ake sawa. In ta yi yawa dabba ta ƙi abinci, wanda ta ci ma jiki ya kasa amfana da shi.

Gawo kuwa ban san itacen da ya kai shi alheri ga mai dabba ba. Da damina ya zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi kore ya ba da inuwa, lokacin da babu komai a ƙasa ya zubo da 'ya'ya. Ƙarƙashinsa gona ta fi ƙarfi, kowane manomi ya sani. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram tun tsakiyar shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gonaki suna gyara shi maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, ya ratsa, amma dashe ba ya rayuwa sai an tsare shi daga bakin akuya, shi ya sa ni na fi ba da ƙarfi ga tohon da ya riga ya yi saiwa. A filinmu ba a sare gawo, ba a kuma yi masa askin wulaƙanci irin na wasu masu kiwo da ke sassare rassan duka su bar shi tsirara. Duk itacen da ke tsaye, kabon ne ɗaure a jikinsa da saiwarsa wanda da yana sama.

Muna da ɗan fili da muka kewaye muka shuka gamba da lablab, wani dangin wake da ake shukawa don dabbobi, muka raba shi gida-gida. Shanun da ba su shiga turke ba tukuna a nan suke kiwo da damina. Su ci wannan gida kwana kaɗan, a fitar da su tun ciyawa na da saura wajen taƙi guda, a bar shi ya huta kamar wata ɗaya kafin su dawo. Gamba in ba a cinye ta har ƙasa ba saiwarta na nitsewa, ta riƙe ƙasa da danshi, ita ce kuma ke fara toho da ruwan farko. Abin haushi abin dariya, wannan gamba da muke cinna wa wuta don farautar gafiya, daga Shika ta Zariya aka ɗauki irinta aka kai Kolambiya, a 1980 aka raba wa masu kiwon can da na Burazil a matsayin ingantacciyar ciyawa. Yawancin ciyawar da ake shuka wa shanu a Burazil asalinta daga Afirka ne, ga su yau su ne kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu. Sun ɗauki ciyawa amfanin gona, shi ke nan bambancin. Ba zan yabe su duka ba dai, sare dajin Amazon don buɗe makiyaya ɓarna ce da ba na fatan mu koya.

Inda maganar ke da wuya shi ne yawan kai. Akwai wani Arɗo da ke sauka kusa da mu da rani, mun daɗe muna ciniki. Na taɓa ce masa, "Arɗo, da ka fitar da tsofaffin nan da sun daina haihuwa, ka sayi abinci da kuɗin ka riƙe sauran da kyau, da nonon da za ka samu ya fi na yanzu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, kai kana ƙirgar kilo, ni ina ƙirgar shekarar da ruwa ba su zo ba. Wanda ad da ɗari, in fari ya zaka shi tsira da talatin. Wanda ad da talatin fa?" Ba ni da amsar da ta fi tasa. Garke shi ne asusunsa, shi ne sadakin 'ya'yansa. Ga shi kuma a shekarun nan da ɓarayin daji suka addabi gabashin jihar, mutum na iya kwana da shanu ya tashi babu ko ɗaya. Wanda ba shi da tabbacin burtali da mashaya da tsaro, da wane baki za ka ce masa ya zauna ya shuka ciyawa? Kuma gaskiyar lissafi ita ce, in kowace saniya ta ƙara kyau sannan aka ƙara yawansu, jimillar iskar ba za ta ragu ba. Abin da na iya shawo kansa a kai shi ne ya riƙa ware masu ciki da masu shayarwa a watanni ukun ƙarshen rani, yana ba su karan yuriya da ɗan haɗi da yamma. Yanzu matansa na kai nono gari a watan Mayu, lokacin da ƙoren wasu ke kife.

Batun lafiya ba sai na ja ba. Duk dabbar da ta shigo sai an ware ta, a ba ta maganin tsutsa, musamman tsutsar hanta da ke kama masu kiwo a fadama, a cire kaska, a yi rigakafin ciwon huhu. San da tsutsa ke raba abinci da shi gyatsarsa ba ta raguwa, naman ne kawai ba ya zuwa.

Kashin kuma ba ma barinsa ya jiƙe ya ruɓe a kwatami, domin a nan ne shi ma yake fitar da metan. Kullum a kwashe, a haɗa da ragowar karan da ya sha fitsari, a tara a inuwa a rufe. Masu albasa da tafarnuwa har layi suke yi a kansa kafin sanyi ya shigo. Ana ta yi mini tallar ramin da ke mayar da kashin shanu gas na girki. Abin yana aiki, na gani da idona, amma kowane bokitin kashi sai an dama shi da bokitin ruwa, kuma wanda ke sayen ruwa a kura a watan Afrilu ya san abin da wannan ke nufi. Ya dace da na bakin gulbi. Haka nake kallon magungunan da ake ta labari a waje. Akwai garin Bovaer da ake zubawa a abincin shanun madara a Turai yana rage metan da wajen kashi 30, akwai wata jar ciyawar teku da aka gwada a Ostireliya ta rage fiye da haka. Duka sai an ba dabba kullum a cikin abincin da aka auna. Saniyar da ke tafe daga Tangaza tana neman ruwa, wa zai bi ta da cokali? A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkar kiwo. In za a ji ta bakina, injin daddatsa kara da rumbun ciyawa a kowace gunduma, da rigakafi a kan lokaci, su ne farko.

Masu saye kuwa, Allah ya ba mu haƙurin zama da su. Mutum ya zo ya zagaya rago, ya danna ƙugu, ya ɗaga wutsiya, ya yaba, sannan ya ce ai a bakin titi an sallama masa kamarsa da ragi mai yawa. Kamarsa a ido. Ana gobe kasuwa wasu masu sayarwa ke ɗura wa dabba gishiri da ruwa da jiƙaƙƙiyar dusa har ciki ya yi tim, wasu kuma allura suke yi mata ta kumbura. A kai gida kwana biyu ta saɓe, ranar yanka a ga ruwa. Namu a sikeli muke sayarwa, da safe kafin a ba su ruwa, mai saye na tsaye yana kallon lamba. Mahautan da suka saba da mu ba sa ja da mu, sun san abin da za su tarar in sun feɗe: nama ja, kitse daidai, hanta lafiyayya. Matan gida masu turken rago ɗaya ko biyu su ne ma abokan cinikin da na fi jin daɗi. Za su aiko yaro da kuɗin mudu biyar cif, kuma in haɗin ya sauya ko kaɗan, washegari saƙo zai zo cewa Hajiya ta ce ragonta ya bar saura, me aka rage?

Bana rumbunan ciyawa sun cika, ramukan kara na nan a rufe, za mu fara buɗewa in hunturu ya ja baya. Masu son a ɗaure musu na layya su zo su zaɓa wata uku kafin Sallah. Mai sayen dusa kuma, ko a wurinmu ko a wani wuri, kafin ya biya ya sa hannu har tsakiyar buhu ya ɗebo tafi guda, ya zuba a kwanon ruwa ya motsa. Ɓuntu zai taso sama, yashi zai kwanta a ƙasa, dusar gaskiya kuwa ta jiƙe ta sa ruwan ya yi fari-fari. Ya kuma tauna kaɗan, in ya ji ƙas-ƙas a haƙori ya mayar da buhun. A wurinmu kwanon da ruwan suna nan a bakin sito, kuma mai saye ne ke nuna buhun da za a farke.